Kunun Kanwa da Zaren Mai Kwalabe

Lokacin da muke yara, idan mutum ya kwanta ciwo a ƙauyukanmu ba a neman sunan ciwon. Ko a ce sanyi, ko a ce zafi, ko a ce iska, magana ta ƙare. A jiƙa saiwa, a sha rubutu, mai sauran kwana ya tashi. Yau kowane ciwo da sunansa na Faransanci, da takardarsa, da layin da za ka bi kafin ka ga lokotoro, wato dokta. Amalanke ta ba babur hanya, babur ya ba mota. Abu ɗaya ne bai gusa daga inda kakanninmu suka bar shi ba, wato tukunyar da ake dafa wa marar lafiya abinci, da hannun da ke jefa mata abin da yake ganin magani ne. Saboda wannan tukunya nake rubuta jinyar abokina Malam Habu, Allah ya jiƙansa da rahama.

Daga Gangara har Gazawa in ka ce Habu sai a tambaye ka wanne. Ka ce Mai Kwalabe, ko makiyayi zai nuna maka gidan. Sunan ya samo shi ne don duk hutun da ya zo gida sai ya bi rijiyoyi da kwalabe yana ɗibar ruwa, ya koma da su Yamai ya auna, in ya dawo ya ce wannan a sha, waccan a bar wa dabbobi. A lakol, makarantar boko, muka haɗu a Maraɗi, shi Bakatsine daga wani ƙauye kusa da Gangara, ni Bagobiri daga Gidan Sori. Ni ban jima ba na bi fataucin fata, ya kai ni Kumasi da Abijan da Turabulus da Hartum, daga baya na yi shekaru ina yi wa alhazai tafinta. Shi kuwa ya dafe wa littafi har ya zama farfesan ilimin sinadarai, abin da ɗalibansa ke kira shimi, ya koyar a jami'a har gashinsa ya yi fari.

Na shiga ɗakunan karatu a ƙasashe da dama, amma ban ga irin nasa ba. Ranar da na ziyarce shi gas ya ƙare a ɗakin gwaji, sai ga shi ya ɗauko tukunyar gas ta matarsa a bayan babur. Kayan gwajin da aka yi odarsu ba su iso ba, sai ya jera ruwan zoɓorodo da toka da lemun tsami a kan tebur. Idan ɗalibi ya gyaɗa kai tun bai gani ba, sai ya ɗaure fuska ya ce, “Kada ka yarda da ni. Matso ka gani.” Wannan magana ta bi shi har kabari.

Da ya aje aiki kowa ya zaci Yamai zai zauna. Sai ya kwashe matarsa Zulai ya dawo ƙauye, ya gina ɗakuna jikin katangar yayarsa.

Bayan shukar fari na je gaishe shi. Tsakanin gidansa da masallaci bai fi jifa da dutse ba, amma sai da ya tsaya ya dafa garu yana haki, ya yi gaba kaɗan, ya sāke tsayawa. Na duba ƙafarsa na ga ya yanke igiyar takalmin don ƙafar ta shiga.

“Bagobiri, ka ga na yi ƙiba da tsufa,” in ji shi. “Ku kuwa yunwa ta hana ku.”

“Wannan ƙibar ba ta Allah da Annabi ba ce,” na ce.

Ya zauna a dakali, ya danna babban yatsa a ƙwaurinsa ya ɗauke. Ramin ya tsaya kamar an danna ƙullun tuwo. “Ruwa ne,” ya ce. “Famfon ya fara kasawa.” Ya nuna ƙirjinsa. Zulai ta gaya mini ya kwana biyu ba ya iya kwanciya miƙe, sai a zaune, jingine da buhun gero.

Makon farko a likitar Gazawa, wato ɗan asibitin garin, muka fara. Suka auna tansiyo, wato hawan jini, suka ga ya yi sama ƙwarai, suka ba mu takarda zuwa Maraɗi. A wani asibiti can muka bi layi tun hantsi har rana ta take, shi a kan benci, ni ina riƙe da takardu. A Tunis na taɓa rakiyar marar lafiya, can lamba ake ba ka, ka zauna a inuwa har a kira ka. Nan kuwa wanda ya fi ƙarfin kafaɗa shi ke gaba. Na so in faɗa wa mai tsaron ƙofa ko wane ne wannan tsoho, sai Malam Habu ya riƙe mini riga. “Waccan matar da jariri ta riga mu,” ya ce.

Da muka shiga, lokotoron zuciya wata mace ce mai ƙananan shekaru. Tana ɗaga kai ta miƙe tsaye har kujerarta ta faɗi. “Mushe!” ta ce, kamar yadda ɗalibai ke kiran malaminsu. Ashe ta zauna ajinsa a shekararta ta farko. Ta saurari ƙirjinsa, ta aika mu hoto, ta aika mu awon jini. Da sakamako ya fito sai ta juya harshe zuwa Faransanci don kada Zulai ta ji, ta manta da ni. Abin da ta ce ya zauna mini har yau: zuciyar ta gaji. Ba warkewa ake nema ba, jinkiri ake nema. Ta rubuta ƙwayoyi, har da mai sa fitsari, ta kuma ce rejim, abinci ba gishiri ko ƙwaya ɗaya.

An kwantar da shi. Kowace takardar magani sai ka fita waje ka bi farmasi, wannan babu, wancan ya ƙare, har sai da aka kai bijimi kasuwa. Amma ba zan ɓoye alheri ba. Labari ya bazu cikin tsofaffin ɗalibansa, sai mu je biyan wani abu a ce an riga an biya, ba a faɗi sunan mai biya ba. Masu jinya suka kula da shi kamar ubansu. Kafin mako na biyu ya ƙare ƙafa ta saɓe, ya kwanta miƙe ya yi barci, aka sallame mu.

A gida aka buɗe kasuwar shawara. A ƙasar Turawa marar lafiya yana da sa'ar ziyara, a nan kuwa gari duka ke jinya, kuma ba mai zuwa hannu sake. Wani ya ce a yi ƙaho a baya. Wani Buzu ya kawo fitsarin raƙumi a gora. Wani ɗan'uwa ya rantse sammu ne, abokan aiki suka yi masa don hassada. Malam Habu ya karɓi kowanne da hannu biyu, ya yi godiya, ya tambayi abin da ke ciki da inda aka samo shi, sannan a jera a kan kanta. Bai sha ko ɗaya ba, bai kuma kunyata kowa ba.

Mutum ɗaya ce ba ya iya yi wa haka, yayarsa Dije, wadda gari ke kira Inna Dije. Uwarsu ta rasu yana rarrafe, ita ta goya shi, ita ta riƙa kai masa fura bakin lakol ɗin ƙauye. Ita ce kuma ungozomar yankin, rabin mutanen da ke cin kasuwar Gangara ita ta yanke musu cibi. Ranar da muka dawo ta karɓe murhu daga hannun Zulai. Dokar gishiri ta riƙe ta fiye da yadda lokotoro ta yi zato, har ta kwashe gishirin gidan ta kai maƙwabta. Amma a saninta, da sanin uwayenta, kumburi sanyi ne ya shiga jiki, kuma ba abin da ke korar sanyi kamar kanwa. Safe da yamma sai ta dama masa kunun kanwa mai ƙarfi, irin wanda ake ba mai jego, ta jefa kanwa ungurnu a wake, ta jefa a miya. Tunda an hana ɗan'uwanta gishiri, sai ta ninka masa magani.

Ba mu kaɗai ke wannan ba. Zabarmawa na ce mata soso, Yarbawa kaun, a Sudan atrun, ko'ina kuma na tarar ana girmama ta. Ni kaina ban ga aibin ƙoƙon ba. Kafin kasuwa ta zagayo, takalmin ya sāke ƙin shiga.

Zulai ce ta tare ni a zaure. “Alhaji, ka yi wa abokinka magana. Ya san abin da ke cikin kunun nan, tun kurɓar farko na ga fuskarsa. Ni ba ni da bakin yi wa yayar miji gyara.”

Na same shi a ƙarƙashin itacen bedi, na ce, “Kai da ka hana gari guda shan rijiya, ka kāsa hana kanka ƙoƙo ɗaya?”

Ya ce, “Ka tuna Mairo?”

Na tuna ta. Matarsa ta fari ce, ta rasu cikin jegon haihuwar fari, ina Kumasi aka aiko mini.

“Yaya ce ta yi mata jego,” ya ce. “Wankan ruwan zafi da kunun kanwa. Ƙafa ta kumbura, aka ce sanyi, aka ƙara kanwa. Numfashi ya toshe, aka ƙara. Lokacin ina ɗalibi, ban sani ba. Da na sani kuma, ta yaya zan buɗe baki? In ce wa matar da ta goya ni, hannunki ne? Na koyar da ƴaƴan mutane ba iyaka, na kāsa koyar da mutum ɗaya. Yanzu ga Rakiya da ciki.”

Rakiya ita ce autarsu shi da Zulai, tana aure a Yamai. Cikin fari ne, kuma bisa al'ada gidan ubanta za ta zo ta haihu, bayan kaka, a hannun gwaggonta Dije. Ya ƙara da cewa awon da aka yi mata ya nuna ita ma jininta na hawa.

“To a hana ta zuwa,” na ce.

“In ce wa Yaya ban yarda ta taɓa ɗiyata ba? Gara in mare ta a kasuwa. Kuma in na mutu kafin nan, wa zai hana? Zulai?” Ya girgiza kai. “Sai dai ita Yaya ta hana kanta.”

Washegari ya sa aka shigo da murhun gas ɗaki, aka saki labule, ya aika a kira ta. Ta shigo tana goge hannu da zane.

“Yaya, zo ki ga wani abu.”

Ya kunna, wuta ta tashi shuɗiya. Ya ɗebi gishirin da na aro a maƙwabta ya barbaɗa, nan take harshen wutar ya koma ruwan ɗorawa. Ya bari ta koma shuɗiya, ya daka ungurnu ya barbaɗa. Launi ɗaya, ba bambanci. Ni da na ga duniya sai a nan na yarda.

“Kin gani? Uwarsu ɗaya. Abin da ke cikin gishiri mai riƙe ruwa a jiki, shi ne a cikin kanwa. Wuta ta san shi ko ya canza riga.”

Inna Dije ta taɓe baki. “To mi? Habu, cikin mutum murhu ne? Kai dai tun kana yaro wasa da wuta ke sa a duke ka.” Ta ɗaga labule ta fita, ba a jima ba ga ƙoƙon kunu.

Na zaci zai ji haushi. Dariya ya yi har tari ya sarƙe shi. “Ta fi ɗalibaina,” ya ce. “Gaskiyarta. Na nuna mata wuta, ban nuna mata jiki ba.”

Har yanzu Inna Dije na kaɗa auduga da mazari. Ya roƙe ta zaren hannunta, ya ce ta zagaya shi a ƙafarsa, sama da idon sawu, ta ƙulla inda bakin ya haɗu. Ta ƙulla. Ya ce, “Yaya, na sha naki kasuwa guda. Ki ba ni aron kasuwa guda, a dama na tsamiya, kada kanwa ta shiga komai. Kowace safiya ke za ki auna, ba ni ba, ba Zulai ba.” Ta yarda, don ta tabbata zai dawo yana roƙonta.

Kafin kasuwa ta zagayo zaren ya yi sako-sako. Ta yi sabon ƙulli, tsakaninsa da na farko ya kai faɗin yatsu biyu. Ya taka har masallaci bai dafa garu ba. Na ce a raina an gama. Sai ta ce, “Alhamdu lillahi, rubutun Liman ya ci.” Gaskiya ne kuwa, a makon ne Liman ya fara aiko da rubutu.

Malam Habu bai musa ba. “Ayar Allah ba ta faɗuwa ƙasa banza,” ya ce. “A ci gaba da rubutu. Ƙwayoyin likita ma ba zan fasa ba. Abu ɗaya za mu canza. Gobe ki dawo mini da kunun kanwa, yadda kike damawa, mu ga abin da zare zai ce.”

Tana fita na rufe shi da faɗa. “Ka haukace? Da kunnena na ji abin da lokotoro ta ce.”

“Ai shi ya sa. Ta ce kaɗan ya rage. Mai kaɗan shi ya kamata ya san inda zai kashe shi.”

“A kira lokotoron ta yi mata bayani.”

“Yarinyar da Yaya za ta ce ta yanke wa uwar irinta cibi? Bagobiri, kai ma da ka sha ruwan ƙasashe, sai da ka ga wuta ka yarda.”

“Jefa kai ga halaka haramun ne, Habu.”

Wannan ta taɓa shi. Ya dubi ƙafarsa. “Ba mutuwa nake nema ba,” ya ce. “Ranar da ta gani, ranar zan tsaya. In na yi kuskure, Allah ya san abin da na nufa.”

Har yau ban yanke wa kaina hukunci a kan wannan ba. Na tambayi malamai a nan da Madina, amsarsu ba ta zo ɗaya ba. Abin da na gani kawai zan faɗa. Na ga mutum ya karɓi ƙoƙon da ya san abin da ke cikinsa fiye da kowa a ƙasar nan, ya yi bisimilla, ya shanye, ya ce wa mai ba shi sannu da aiki. Zulai ta shige ɗaki tana kuka ba sauti.

Ba a daɗe ba zaren ya ƙi kaiwa ƙulli na biyu. Sannan ya koma na farko. Da safiyar da ya wuce na farkon, ina zaune na ga Inna Dije tana jan zaren da ƙarfi har ya nutse cikin naman ƙafar.

“Yaya, kada ki shaƙe zaren,” ya ce a hankali, numfashinsa na yankewa. “Ba shi ya yi laifi ba.”

Ta saki. Matar da ta shekara da shekaru tana auna cikin mata da tafin hannu ba ta iya yi wa kanta ƙarya a awo. Ta dubi zaren, ta dubi ƙafar. Ƙoƙon kunu na gefe yana tururi. Ya miƙa hannu ya ɗauka, ya kai baki. Sai ta fizge shi ta watsar a ƙasa, har kaji suka watse.

“Ya isa,” ta ce.

Amma ruwan ya riga ya hau ƙirji. Kafin azahar yana numfashi kamar mai nutsewa, leɓɓansa sun canza launi. An yi ruwan sama, hanya ta yanke, mota ba ta shigowa. A amalanken shanu muka ɗora shi a zaune, ina tallafe da bayansa, har bakin kwalta. Daga nan mota ta bi da mu Gazawa da Agiye zuwa Maraɗi, ina karanta duk abin da ya zo bakina.

Aka sa masa iskar kwalba, aka yi ta allurai. Da ya farfaɗo ya ga abin da ke gefen gadonsa, sai ya ce, “Mai Kwalabe ya koma shan iska a kwalba.” Lokotoro ba ta yi dariya ba, don na riga na gaya mata komai.

“Mushe, kai ka koya mana ba a gwaji da abin da ba ka da na biyunsa.”

“Na kuma koya muku abin da zai lalace gobe, yau ake gwada shi,” in ji shi. Sannan ya ce, “Ɗiyata, a takardar da kika ba ni kin rubuta gishiri. Littattafan da muka karanta an rubuta su inda ba a cin kanwa. Ki riƙa faɗin sunanta, kuma ki faɗa wa mai dafawa, don marar lafiya ba shi ke riƙe da ludayi ba.”

Ta ce ta ji. Daga baya na sami labarin ba ta sallamar kowa sai ta tambayi wa ke yi masa girki.

Inna Dije ta biyo mu washegari, zuwanta Maraɗi na farko ke nan. Ta zauna a ƙarƙashin bedin asibiti tare da sauran masu jinya, ta ƙi cin komai, ta ƙi shiga. Sai da yamma ta ce in raka ta. Ta tsaya a bakin gado, zaren na naɗe a yatsanta. Ba ta gaishe shi ba.

“Habu,” ta ce. “Mairo ma?”

Ya cire abin iskar daga hancinsa.

“Yaya, Mairo kwananta ya ƙare. Kin yi mata abin da aka yi miki, da abin da aka yi wa innarmu, kuma ba wanda ya kwana a kanta kamar ke.”

“Ka sani tun yaushe?”

“Da daɗewa.”

“Ka bar ni ina ba ɗiyan mutane?”

“Wannan laifina ne, ba naki ba. Na ji kunyarki fiye da yadda ya kamata.” Ya kama hannunta. “Kwanan Rakiya na hannun Allah. Ƙoƙon kuwa yana hannunki.”

Ta zauna a ƙasa, ta ɗora goshinta a ƙarfen gadon, shi kuma ya dafa kanta, kamar shi ne babba.

Ya fita daga wannan, amma bai koma yadda yake ba. Lokotoro ta gaya mini a fili cewa abin ya ci daga ɗan abin da ya rage. Muka dawo gida gero na fitar da kai. Masallaci ya gagare shi, sai salla a zaune. Tsofaffin ɗalibansa suka riƙa zuwa, masu farmasi, masu aikin ruwa, malaman lise, wato sakandare, har da waɗanda suka yi furfura, su zauna a tabarma yana yi musu tambayoyi kamar ranar jarrabawa. Inna Dije na dama kunun tsamiya, kowace safiya kuma ta auna ƙafar. Ranar da zare ya matse, ita ke fara cewa a kira lokotoro a waya.

Ya ga an yanke gero an ɗaure dammuna. Wata rana da hantsi, Zulai na gefensa, yayarsa na riƙe da ƙafarsa, ya yi kalmar shahada ya cika. Motocin da suka zo jana'iza sun cika fili har bakin gonaki, mutanen ƙauye na tambayar juna, ashe haka Mai Kwalabe yake? Bai ga zuwan Rakiya ba.

Ga abin da nake so mai karatu ya riƙe. In ka ga ƙafa ta kumbura, ka danna rami ya tsaya, mutum na haki a ƴar tafiya, ba ya iya kwanciya miƙe, a kai shi likita tun da wuri, tsoho ne ko mai jego. In an hana gishiri, to an hana kanwa, an hana dunƙulen miya na kanti. A gaya wa mai girki da bakin da za ta ji. Kada kuma wani ya kwaikwayi abin da abokina ya yi da jikinsa. Ya riga ya yi, ya biya, ba sai an sāke ba.

Rakiya ta zo da sanyin bana, ta haihu namiji a likitar Gangara, gwaggonta na tsaye a kanta. Na je suna. Dangin miji sun aiko da kayan jego yadda aka saba, itacen wanka, kayan yaji, da ƙunshin kanwa ungurnu mai kyau. Ina zaure na ji tsofaffin mata sun taso wa Inna Dije a tsakar gida.

“Dije, ina kunun mai jego? Wannan ai na masu azumi ne.”

“Shi za ta sha.”

“Sanyi zai kama ɗiyar mutane! Ko kin shiga lakol da tsufa?”

“Na shiga,” ta ce. “Malamina na kabari.”

Na leƙa. Ta kwance bakin zanenta ta fito da zaren nan, ya yi dauɗa, da ƙulle-ƙullensa. Ta ɗaga shi ta nuna musu wanne ne na kanwa, wanne ne na tsamiya, wanne ne na ranar da aka ɗora shi a amalanke. Wata ta ce ita dai ba ta yarda ba, uwayenmu ba wawaye ba ne.

“Kada ki yarda da ni,” in ji Inna Dije. “Matso ki gani.”

Ta ɗauki ƙunshin kanwar ta miƙa wa Zulai, ta ce a kai wa shanu.

An sa wa yaron Abubakar. Rakiya ta yi arba'in ƙafarta ba ta tashi ba, ta koma ɗakinta lafiya. Ba zan ce kowane gida ya bari ba, akwai masu dama nasu a ɓoye. Amma duk gidan da Inna Dije ke yi wa jego, da gidajen matan da ta koya wa aikin, ba a ƙara ba mai jego kunun kanwa ba. Ranar haihuwa ana auna ƙafarta da zare a ƙulla. In zaren ya ƙi haɗuwa, shanu ake ɗaura wa amalanke a tafi likita.